Tsohuwar Bakin Katanga

A gidan suna surukata ta dangwara min waya a hanci. "Iya, wannan ba ke ba ce?"

Wasan tuƙin mota ne. Ga hanyar Bakori, ga gonakin masara, ga ƙofar gidanmu. Sai ga wata tsohuwa da irin kallabina, ta taka turmi tana leƙen katangar maƙwabta. Mata suka kwashe da dariya har da tafi.

Na koma gida na ritsa jikana. Wai wasan na Turawa ne, shi da abokansa na intanet suka farke shi suka ɗinka masa garinmu.

"Goge ni, ja'iri, kafin mutuncina ya ƙare!"

"Kaka, ba faifai ba ne balle in bi shaguna in kwashe. Wannan ya tura wa wancan, har ya wuce Kano."

Ni da gulmata ke rigan motar kasuwa isa Malumfashi, yau ni ake yawo da ni. Na nuna wayar da ke hannunsa.

"To matso, in ga me take kallo."

Ya juya hoton, ya haura katangar. Wayam, ko kaza babu.

"Ban san cikin gidan ba, shi ya sa ban gina ba."

Na jawo tabarma. "Ka cuci baiwar Allah, ka bar ta tana leƙen banza. Zauna. Daga dama akwai rumbu, a bayansa maigidan ke ɓuya yana cin tsire shi kaɗai."