Yaɓen Malam na Ƙarshe

Ina cikin takaba suka yi sallama, da igiyar awo da abin ɗaukar hoto. Shekarar da soja suka sauka daga mulki ce. Sabuwar gwamnati na fasa titi, kuma duk gidan ƙasar da aka auna a unguwarmu ta Gobarau sai an shafa masa jan fenti, alamar rusau. Gabana ya faɗi.

Suka ce daga kamfanin zanen gine-gine suke, gwamnati ta turo su duba tsofaffin gidaje. Babbansu ya ɗaga kai yana kallon azarar zaure, yana ta faɗin "Masha Allah." Ni kuwa jakarsa nake kallo, ko gwangwanin fenti zai fito.

Na ce, "Ɗan nan, faɗa mani gaskiya. Rushe shi za a yi?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, wa zai rushe wannan? An kauce mashi da titin. Gyara za mu yi, mu kankare tsohon yaɓen tas, mu yi sabo sumul."

Maƙwabta suka shigo yi mini barka, na yi ta godiya.

Da suka watse, na je jikin bangon tsakar gida. Mijina Malam bai taɓa yarda da cokalin magina ba, da hannu yake yaɓe kafin kowace damina. Na sa yatsuna cikin sawun nasa yatsun. Har lokacin sun fi nawa faɗi.

Ranar Asabar suka fara kankara.