Minti Shida

Ranar Talata aka liƙa sakamakon jarrabawar ƙwarewa. Bayan faɗuwa uku, ya zama likitan tiyata.

Ya rungume mai shara, ya gaida injin ɗaukar hoto, ya saya wa kowa shayi har da waɗanda ba sa sha.

"Mutumina, me suka ba ka?" in ji abokin aikinsa.

"Duba wuyan majinyaci, minti shida. Kafin mai jarrabawa ya gyara zama na gano ƙullutun. Ya ce yatsuna suna da ido."

Yanzu kam suna da shi. Shekara guda ya yi yana gwaji a wuyan matarsa, tana riƙe da agogo tana tsokanarsa: "Likita, saura minti biyu, ba ka ce in haɗiye yawu ba." Idonsa na kan agogon, bakinsa na jero matakai, yatsunsa na wucewa ta kan nata ƙullutun kullum. Wani likita ne ya gano shi, a makare.

Da sauran dariyarsa ya buɗe ƙofar gida. Wata bakwai ke nan da binne ta. Ba "na ci" ne ya tsaya masa a maƙogwaro ba. "Tsaya, mene ne wannan?" ne, tambayar da bai taɓa yi a kan wuyanta ba.