Guntayen Saƙon Tanimu

Tun da aka kafa dokar tsayar da kowane saƙon waya na awa ɗaya a tashar intanet, rigima ta ragu a Funtuwa. Ranar Talata Tanimu mai gyaran keke ya rubuta wa abokinsa, "Kai ba mutumin kirki ba ne," amma ya yi kuskure ya tura wa surukinsa, Malam Barau. Bai lura ba sai da awar ta kusa cika. Ya ruga tashar.

"Hajiya, taimaka ki riƙe min saƙona," ya ce wa ma'aikaciyar.

Ba ta tambayi sunansa ba. "Malam Tanimu, ai saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Yayyanka shi ake yi, wani guntu ya bi ta Zariya, wani ta Gusau, su haɗu a wayar mai shi. Naka sun tashi, saura biyu."

"Waɗanne?"

"'Ba' da 'ba'."

Ta jefa su cikin wata durowa da ta cika maƙil da irinsu.

Bayan la'asar amsar surukin ta iso: "Kai ma mutumin kirki ne." Tanimu ya fita yana murmushi, sai ya ci karo da Malam Barau yana fitowa daga tashar yana sharce gumi. Suka gaisa cikin ladabi, kowa kansa a ƙasa.