Matar da Ta Shiga Gidana

Mai askin layinmu na tsaka da yi mini aski ya miƙo wayarsa yana dariya.

"Malam, wata biyu da rasuwar matarka, har an fara?"

Hoton wata mata ne daga baya, tana shiga gidana. Wani ya turo masa, shi kuma ya yaɗa, ya rubuta: "Mijin wannan sakarai ne." Masu sharhi sun duƙufa neman sunanta.

Na ƙara girman hoton, na gane ta. Na dube shi.

"Ka tuna ranar da ka nemi aron babbar tukunyar marigayiya?"

"Na tuna."

"Wa ka aiko?"

"Mata..." Injin askin ya tsaya a hannunsa.

"E, matarka. Ƙarasa askin tukuna. Sun kusa gano ta."