Ranar Da Sunanmu Ya Gyaru

"Wurgo shi mana, Clive! Ɗan jaridar nan ya gaji da riƙon kyamara!"

Desmond ke nan, manajan ƙungiyarmu ta kiɗa, yana mana ihu daga bakin titi, mu kuwa muna ɗakin otal a saman bene. Shi ya rantse mana cewa a Ingilar 1973, makaɗan salon rock da ba su taɓa jefo talabijin ta tagar otal ba, ko aljanu ne a jita, babu mai sayen faifansu.

Clive, mawaƙinmu, ya rungume talabijin kamar jariri, ya dube ni. "Nigel, idan mamata ta ji fa?"

Na ce, "Gashinka har gadon baya amma kana tsoron mama? Sake shi, ragon banza!"

Ya saki. Tim! Sai kanmu ya ɗau zafi. Muka ɓalle ƙofa, muka yage labule, mai gangarmu ya tumɓuke bahon wanka.

Muna haki sai ga tsohuwa mai otal ɗin. Muka gyara gashi, muna jiran ta kira 'yan sanda.

Ta ajiye tiren shayi. "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Gobe za a rushe ginin, na rasa mai fitar mini da tarkace. Saura hawa na uku."

Washegari ga hotonmu a shafin farko na jarida: Samarin Kirki Sun Taimaki Tsohuwa.

Desmond ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa. Duk ƙoƙarinmu sunan ya ƙi ɓaci. Har yau coci kaɗai ke gayyatarmu wasa.