Masaƙa

Ranar Talata Hakim ya fara ganin shafin a intanet, yana zaune a shagonsa na kusa da tashar Dogon Dutsi, ƙarƙashin allon da rana ta cinye rabin rubutunsa: Hakim Informatique.

Sunan sabon shafin Masaƙa. Fari ne tas, da zare mai launin baba yana ratsa shi kamar bakin zane. Ba adireshi, ba hoton kowa, sai alkawarin cewa za a gina wa kowane ɗan kasuwar Arewa shafin da zai fito da shi. Shekara bakwai Hakim yana gina wa mutane shafuka, bai taɓa yin mai kyan wannan ba. Nasa na kansa kuwa yana nan yadda ya bar shi tun farko, kore da ja, haruffa suna ƙyalƙyali.

Da ya gangara ƙasa sai ya ga jerin ayyukan da Masaƙa ta ce ta yi. Ga shafin mai sayar da maganin dabbobi na Dogon Kiriya. Ga na makarantar ɗinki. Ga na matan Ɗan Kassari masu garin wake. Duk aikinsa ne, an wanke su, an jera su kamar kayan ɗakin amarya.

Bai sha wahalar gano mai shi ba. Mus'ab ne, abokin karatunsa na lise, wato sakandare, wanda ya dawo daga Yamai wata biyu da suka wuce da kwat da ordinatar, wato kwamfuta, mai tsada. Tun suna aji Mus'ab ke zuwa na ɗaya, Hakim na biyu.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne yadda ayyukan suka fita. Mutum biyu ne suka san lambar sirrin ordinatar ɗin shagon: shi da matarsa Lubna, wadda ke koyar da lissafi a kwaleji, take taya shi aiki in an tashi. Ya tuna an ce masa an ga ta tsaye da Mus'ab a bakin kasuwa ranar Juma'a, suna duba waya ɗaya. Ya tuna kwanan nan in ya shigo sai ta rufe allon ordinatar ta kama wata magana.

Bai tambaye ta ba. Ya zuba ido. Ranar Laraba ya tarar da ita tana auna gaban shagon da igiya.

"Mi kike awo?"

"Ƙofar ga tana son gyara," in ji ta, ta naɗe igiyar.

Ranar Alhamis Ya'u, direban wani porje, shirin agaji da ke tallafa wa manoma, ya tsaya yin fotokopi, ya kawo labari. Porjen zai ba da aikin gina shafuka ga ƙungiyoyi goma sha biyu, daga Kiyeshe har Tibiri. Bara Hakim ya nemi irin wannan aikin, aka duba shafinsa aka mayar masa da dosiyen takardunsa, ya rantse ba zai sake ba.

"Bana wasu Masaƙa aka son ba," in ji Ya'u. "Darektan ya ce bai taɓa ganin aiki awa nasu ba a Arewa."

Hakim ya miƙa masa takardunsa. Da ayyukansa za a ɗaga Mus'ab, da hannun matarsa kuma.

Da azahar ya rufe shago ya rubuta wasiƙa, bai sa suna ba. Ya ce Masaƙa ba ta da ofis, ba ta da allon suna, ba wanda ya san ta a garin. Ya ce ayyukan da ta jera na wasu ne ta kwasa. Ya ce a tura mutum ya zagaya Dutsi, in ya ga inda aka rubuta Masaƙa to shi maƙaryaci ne. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofar ofishin porjen lokacin da mai gadi ya tafi salla.

An tura mutum ya zagaya. Bai ga komai ba.

Ranar Litinin Ya'u ya leƙo ya ce an cire Masaƙa, an ba wani kamfani na Doso. Hakim ya sayi balangu ya kai gida. Lubna ba ta taɓa ba. Idanunta sun kumbura, ta ce kanta ke ciwo. Ya ci nasa ya ci nata, yana kallonta tana kukan asarar wani.

Washegari da hantsi ya hangi Mus'ab yana wucewa bisa babur. Ya tare shi, yana so ya ga fuskarsa.

"Sannu da haƙuri," in ji Hakim.

"Haƙurin mi?" Mus'ab ya kashe babur. "Ni gobe nika komawa Yamai, na samu aiki a banki. Ka gaida Madam. Ka ce mata in shafin ya sake yin nauyin buɗewa, ta rage girman hotunan awa yadda na gwada mata."

Hakim na tsaye bai gama juya maganar ba, sai ga amalanken jaki ya tsaya a ƙofar shagon. Mai fenti ya sauko da wani dogon abu naɗe cikin takardar siminti, faɗinsa daidai gaban shagon.

"Madam ta ce a kafa shi ranar da sakamako ya fito," in ji shi. "Na yi latti da kwana ɗaya."

Hakim ya yage takardar. Farin allo ne, zare mai launin baba ya ratsa shi, an rubuta Masaƙa da manyan haruffa, a ƙasa kuma lambar wayarsa da sunan mai kamfanin: Hakim Mahaman.