Jitar Yaya Ba Ta Yi Shiru Ba

Masu dako biyu sun riga sun ciccibi amfilifayar Yaya, na'urar ƙara sautin jitarsa, lokacin da Auta ta tare ƙofar ɗakin, jakar makaranta a kafaɗarta.

"Ku sauke ta. Ba inda za ta."

"'Yan mata, mu fa aiko mu aka yi," in ji babban cikinsu. "An ce kayan mamaci ne, kuma suna kiɗa da kansu."

Tun da Yaya ya rasu, jitarsa ta bes, mai kaurin sauti da tsirkiya huɗu, wadda yake kiɗan Turawa na pank da ita, take jingine a ɗakin. Amma kullum sai gidan ya ɗauki gurnaninta, har kwanuka su yi rawa a kan kanta. Maƙwabta sun daina shigowa.

Auta ta juya wajen Mama, wadda ta kira masu dakon, ta buɗe mata tafin hannunta. Yatsun duk sun yi kanta, ɗaya ya fashe.

"Babu wata fatalwa, Mama. Ni ce. Kafin in tafi makaranta nake koya, kuma ba zan daina ba, ko yatsun za su guntule."

Mama ta riƙe hannun, ta daɗe tana kallonsa.

"Na san ke ce, Autata. Naki kiɗan ai ba ya ɓuya, sauri kike yi, kina tuntuɓe a tsakiya." Muryarta ta yi ƙasa. "Wanda yake maimaitawa bayan kin fita, yana gyara miki wurin da kika ɓata, shi nake so ya huta."